Abincin ƙwaƙwalwa ba ya zuwa a kwalba

Da jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, sai masu tallar "maganin ƙara basira" su cika tasha da bakin kasuwa da Facebook. Na intanet ɗin har sun iya ambaton BDNF, wai ƙwayarsu ce ke cika kai da shi. Iyaye kuwa sai biya suke yi.

BDNF dai ba ƙage ba ne. Yana cikin dangin furotin da ake kira niyurotirofin, masu raya ƙwayoyin jijiya. Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya ce ta gano na farkonsu, NGF, a shekarun 1950, ta kuma raba kyautar Nobel da Stanley Cohen a 1986. Tun ɗan tayi yana ciki, ƙwayoyin jijiya kan fito fiye da buƙata, su yi ta rububin wannan furotin. Wadda ta rasa sai ta mutu, a wasu sassan kusan rabi. Bayan an girma kuma, BDNF na ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi a hifokamfus, sashen da ke adana sabon karatu.

To ina ƙaryar take? Furotin in aka haɗiye shi, ciki narkar da shi yake yi kamar yadda yake narkar da wake. Ko allurarsa aka yi, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barinsa ya wuce sai ɗan abin da ba a rasa ba. Samunsa ma ba sauƙi ba ne: a 1982, sai da Yves-Alain Barde da abokan aikinsa a Jamus suka tace kilo ɗaya da rabi na ƙwaƙwalwar alade kafin su samu maikirogiram ɗaya tak na BDNF. A shekarun 1990 an yi wa masu ciwon shanyewar jijiya na ALS fiye da 1,000 gwajin allurarsa, bai yi nasara ba. Abin da ya gagari manyan ɗakunan bincike ne mai lasifika zai sayar a leda?

Ƙwaƙwalwa ita ke yin kayanta, motsa jiki kuma na zaburar da ita. An ga haka a ɓeraye masu gudu a 1995. A 2011, binciken Kirk Erickson kan tsofaffi 120 a Amurka ya nuna waɗanda suka shekara suna tafiyar ƙafa sau uku a mako, hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari.

Saboda haka uban da ya ƙwace ƙwallo da keke don jarrabawa ta zo, ya kulle yaro a ɗaki yana raba dare da goro da Nescafé, ya sake tunani. A bar shi ya yi gumi da yamma, ya ci ya ƙoshi, ya yi barci. 'Yan mata ma haka, ko tsalle da igiya ne a tsakar gida. Tiramol kuwa kada ya kusance shi da sunan karatu. Damuwa mai tsawo kuma tana rage BDNF. Yaron da mantuwarsa ta wuce misali, asibiti ya kamata a kai shi a duba jininsa da idonsa da kunnensa.