Maganin Gwaji Ba A Sayar Da Shi A WhatsApp

Wata muguwar ɗabi'a ta shigo gidajen da ake jinyar masu sankarar mama. Da zarar likita ya ce maganin da mara lafiya ke sha ya daina aiki, sai dangi su duƙufa kan waya. Kafin a jima wani ya turo hoton kwalba, wai sabon magani ne da ake gwadawa a Amurka, an samo shi ta bayan fage, kuɗi kawai za a tura. Sai a sayar da fili, a haɗa da 'yan kunnen matar, a karɓo abin da babu wanda ya san me ke cikinsa. Abin haushi, galibi mai digirin gidan ne ke ja-gaba a wannan ɗanyen aiki.

Haba jama'a! Maganin da ke matakin gwaji ba ya shiga kasuwa. A asibiti ake bayar da shi, ga waɗanda likitoci suka tantance, bayan an yi musu bayanin haɗarinsa sun sa hannu a takarda. A Nijeriya ma sai da izinin hukumar NAFDAC. Kuma akasarin magungunan da ake gwadawa ba sa tsallakewa, a hanya ake watsar da su.

Gaskiya ne sankara kan bijire wa magani. Ƙwayoyinta kan sauya halitta su ci gaba da yaɗuwa. Gaskiya ne kuma ana samun ci gaba. A 2019 Amurka ta amince da Enhertu, amma don mai nau'in HER2 da magungunan farko suka gaza mata. A 2023 aka amince da elacestrant, shi kuma ba a bayar da shi sai gwaji ya nuna sauyi a ƙwayar halittar da ake kira ESR1. Kowane da irin cutar da yake kamawa. To, ɗan WhatsApp ɗin nan, wane gwaji ya yi wa 'yar'uwarku?

Ku nemi sakamakon tsokar da aka yanka aka auna, ku adana shi. Ku tambayi likita nau'in sankarar: ko mai ER ce, ko mai HER2, ko wadda ba ta da ko ɗaya. Idan magani ya gaza, akwai na biyu, wani lokaci har na uku, kuma a asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano ake yanke wannan shawara. Duk wanda ya turo muku kwalba da lambar asusu, ku nuna wa likita kafin ku fitar da ko sisi.