Ta'aziyya da Bege a Gidan Makokin Kirista

Ta'aziyya a wurin Kirista tana tsaye ne a kan abu biyu: zama tare da wanda aka yi wa rashi, da begen tashin matattu. Kusan duk abin da ake gani a gidan makokin Kiristocin Arewa daga nan ya samo asali, a Jos ne, ko Wusasa, ko Biu. Da yawansu ba Hausawa ba ne, amma Hausa ce harshen majami'a, musamman tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Da ita ake waƙa, da ita ake wa'azin jana'iza.

Addinin bai hana kuka ba. Bisharar Yohanna ta ba da labarin yadda Yesu ya je Betanya bayan abokinsa Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, ya tarar da 'yan'uwan mamacin, Marta da Maryamu, cikin makoki, shi ma ya zubar da hawaye, alhali ya san zai tashe shi. Cikin Zabura 150, kaso mai yawa koke-koke ne, ta 88 kuwa har ta ƙare ba a ji sauƙi ya zo ba. Abin da manzo Bulus ya ja kunnen ikilisiyar Tasalonika a kai shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da bege, ba baƙin cikin kansa ba. Saboda haka mai zuwa gaisuwa da ke tsawata wa gwauruwa cewa mai bi ba ya kuka, ya faɗi abin da littafin bai faɗa ba.

Labarin Ayuba ya fi kowanne koyar da ladabin gaisuwar mutuwa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa sannan ta'aziyyar ta koma zargi, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. Har gobe ana samun magadansu: masu tambayar me ya sa ba a kai marar lafiya asibiti da wuri ba, da masu raɗa cewa akwai hannun wani a mutuwar.

Da zarar labari ya kai ga fasto da dattawan ikilisiya, waɗanda suke fara cika gidan su ne 'yan Zumuntar Mata. Zumunta a ƙafa take, su kuma sun riƙe wannan da gaske: su ɗebo ruwa, su ɗora tukunya, su kwana da matar gida, da yamma a yi waƙoƙi da addu'a. Gaisuwar gajera ce: “Sannunku da haƙuri”, “Ubangiji ya ta'azantar da ku”. Game da mamacin akan ce ya yi barci cikin Ubangiji, ko ya tafi gida, domin a imanin Kirista mutuwa rabuwa ce ta ɗan lokaci. Maƙwabta Musulmi ma kan shigo su yi tasu gaisuwar, kamar yadda ake zuwa musu.

Ba a cika binnewa a ranar ba. Sau da yawa gawa kan yi kwanaki ko makonni a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ana jiran 'ya'yan da ke nesa, ko ana shirin kai ta ƙauyen asali. Jinkirin yana ba dangi damar haɗuwa, amma yana da tsada: kuɗin ajiya, akwati, mota, abincin ɗaruruwan baƙi. Akwai iyalan da suke gama jana'iza da bashi a wuya, abin da ya sa fastoci da dama ke kira a taƙaita.

A daren jajibirin jana'iza akan yi sujadar waƙoƙi, inda ake ba da shaida a kan rayuwar mamacin. Washegari a sujadar jana'iza an fi karanta Zabura 23, da sura ta 15 ta wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa mai bayanin tashin jiki, da sura ta 21 ta Wahayin Yohanna da ke alkawarin ranar da mutuwa za ta kau. A nan ɗariƙu sun ɗan bambanta. Katolika suna yi wa matattu addu'a, har sun keɓe 2 ga Nuwamba domin haka. Ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN kuwa suna ganin al'amarin mamaci ya riga ya koma hannun Allah, don haka addu'arsu ga na raye take.

Ba inda aka gwada wannan bege kamar a Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta faro daga Garkida a 1923. Akasarin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi. Dubban mambobinta sun mutu ko sun ɓace. Ga wanda nasa ya ɓace babu gawa, babu kabari, babu ranar da za a ce an tashi daga makoki. Ikilisiyar, wadda aƙidarta ta hana ramuwa da makami, ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutane ke zama su ba da labarin abin da idonsu ya gani, kafin a kai ga batun gafara, wanda ba ya yiwuwa da gaggawa.

Nauyi na gaske yana farawa ne bayan an kwashe rumfuna da kujeru. Wasiƙar Yaƙub ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'aunin addini na gaskiya, kuma tun a ikilisiyar farko a Urushalima an zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci ga gwauraye ya tafi daidai. A yau wannan aiki kan zo da siffar buhun masara bayan girbi, ko kuɗin makarantar maraya, ko dattawan da za su tsaya wa gwauruwa idan dangin miji suka taso za su karɓe gona da gida. Ikilisiyoyi da yawa suna da asusun gwauraye da ake tarawa ta baiko na musamman, ko da yake a ƙauyuka abin da ake samu ba ya kai yawan masu bukata.