Ko Ka Sani? Daƙiƙar Ƙuda Ta Fi Taka Tsawo

Ƙuda ya sauka a bakin kwanon fura. Ka ɗaga hannu a hankali, ka kai masa duka da iya saurinka, sai ka ji ka bugi kwano, shi kuwa ga shi can kan ludayi yana goga ƙafafunsa na gaba. Ba nawa ka yi ba, idonsa ne ya riga naka.

Masana suna auna wannan da fitila mai ƙiftawa. A yi ta ƙara mata sauri har ido ya kasa rarrabewa, ya ga haske ɗaya a tsaye. Idon mutum yakan gaza a wajen ƙiftawa 60 cikin daƙiƙa guda. Kare ya ɗan fi mu. Wasu ƙudaje kuwa suna rarrabe har kusan 250. Ke nan daƙiƙar da ta wuce maka a dunƙule, shi ya gan ta daki-daki, hannunka yana taho masa kamar tafiyar hawainiya. A 2013, Kevin Healy da abokan aikinsa a Kwalejin Trinity ta Dublin sun kwatanta nau'o'in dabbobi sama da 30, suka ga masu ƙaramin jiki da saurin ƙone abinci sun fi irin wannan gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙuda ke cin moriyar wannan rata. A 2008, Michael Dickinson na Caltech a Amurka ya ɗauki ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da kyamara mai tsananin sauri. Ashe ƙudan ba firgita yake yi ya tashi kawai ba. Cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ya gane inda hatsarin ya ɓullo, ya gyara zaman ƙafafunsa na tsakiya, ya karkata jiki, sannan ya daka tsalle ta ɗaya gefen. Ko yana cikin goge jiki ne, haka zai yi.

Mu ma lokaci yakan miƙe mana, amma ta hanyar hankali. A Jami'ar Kent ta Ingila, a 2013, an sa wasu mutane su natsu na 'yan mintoci, ba abin da suke bi sai shiga da fitar numfashinsu, wasu kuma aka kunna musu karatun littafi. Da aka zo gwajin tsawon lokaci, masu bin numfashin sun riƙa jin gajeren lokaci ya fi yadda suka ji shi a da tsawo.