Tsaron kwamfuta: mi ake koya wa ɗalibai a jami'a?

Manomi ba ya zuba hatsi cikin rumbu sai ya duba ko akwai kafar da ɓera zai shiga. Haka abin yake ga kwamfuta. A yau kuɗin da ɗanku ke aiko muku ta salula, da albashin ma'aikata, da sakamakon jarrabawa, duka cikin kwamfuta ake ajiye lissafinsu. Ke nan kwamfuta rumbu ce, tana bukatar mai tsaro. Wannan tsaro ilimi ne da ake koyarwa a jami'o'i.

Mi ake tsarewa?

Abu uku ne:
1. Sirri: kada wanda bai da izini ya ga abin da aka ajiye.
2. Gaskiyar bayani: kada wani ya maida jika 100 ta koma jika 10.
3. Samuwa: mai abu ya samu abinsa lokacin da yake bukata.

Yaya ake koyar da shi?

Maƙerin da bai san yadda ake ɓalle kwaɗo ba, ba zai ƙera kwaɗo mai ƙwari ba. Saboda haka malami yana koya wa ɗalibai dabarun ɓarawo, domin su san inda za su toshe. Ana ba su kwamfutocin gwaji waɗanda aka bar ma kurakurai da gangan. Wani lokaci a raba su kashi biyu: waɗansu su nemi shiga, waɗansu su tsare. Suna kuma koyon lissafin da ake ɓoye saƙo da shi, da dokokin ƙasa.

Domin mi ake koya musu doka da amana?

Ga misali. A watan Nuwamba na shekara ta 1988, wani ɗalibi na jami'ar Cornell ta Amurka, mai suna Robert Morris, ya saki wata manhaja cikin intanet, wato wani umurni da ya rubuta wa kwamfuta. Manhajar tana yaɗa kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ya ce bai yi nufin ɓarna ba, amma abin ya fi ƙarfinsa: an ƙiyasta kwamfuta kamar 6000 suka kamu. A shekara ta 1990 kotu ta yanke masa tarar sama da dalar Amurka 10.000 da aikin jama'a na awa 400. Daga baya ya zama malamin jami'a.

Nijar ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a shekara ta 2017, da dokar hukunta laifuffukan intanet a shekara ta 2019. Wanda ya kutsa cikin kwamfutar wani ba da izini ba ya yi laifi, ko da gwaji yake.

Ina naku aiki?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa tsagar ba ga inji take ba, ga mai shi take. Don haka:
- Kada ku faɗa wa kowa lambar sirrinku, ko da ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.
- Kada ku zaɓi lamba mai sauƙi kamar 1234 ko shekarar haihuwarku.
- In aka ce an turo muku kuɗi bisa kuskure, ku duba asusunku kafin ku maida.
- In salularku ta ɓace, ku je kamfani da hanzari a rufe layin.

In ɗanku ko ɗiyarku na karatun kwamfuta a Yamai ko Maraɗi, ku ba su goyon baya. Ku kuma tuna musu cewa mabuɗin rumbun jama'a ne ake damƙa musu, kuma mabuɗi amana ne.