Teburin cin abinci a jirgin da faɗinsa bai kai ƙafa bakwai ba

Yau Ingila muka nufa, bakin magudanan ruwan da aka haƙa da hannu tun ƙarni na 18, inda dubban mutane suka mayar da jiragen ruwa gidajensu. In ka bi gefen magudanar Regent's a Landan za ka gan su jere, hayaƙi na tashi daga bututun murhu, keke ɗaure a kan rufi. Tsadar haya ce ta koro da yawansu kan ruwa.

Jirgin dogo ne siriri. Tsawonsa kan kai ƙafa 70, amma faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, domin ƙofofin ruwan da yake ratsawa, irin waɗanda injiniya James Brindley ya tsara, ƙafa 7 kacal gare su. In ka cire kaurin bango, abin da ya rage bai wuce ka buɗe hannuwanka biyu ba. To a ina za a zauna a ci abinci?

Na san wani zai ce a shimfiɗa tabarma mana, a dire akushi a tsakiya. Ni ma haka na fara cewa. Sai dai daɓen jirgin yana ƙasa da saman ruwa, ƙarƙashinsa ƙarfe ne, wanda kuwa ya zauna a kansa cikin watan Janairu ba zai sake marmari ba.

Shi ya sa ake farautar tebur, kuma gwanjo aka fi nufa. Kiran kafinta ya ƙera maka daidai wurin sai mai hannu da shuni. Sabo mai araha kuwa garin katako ne aka matse da gam, danshin jirgi na taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi. Tsohon tebur na katakon gaske, wanda ya riga ya sha shekaru, shi ke jurewa. Ana samunsa a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su British Heart Foundation, ko a Facebook Marketplace da Gumtree, ko wurin masu fasa tsofaffin motocin nan masu ɗakin kwana.

Wanda aka fi rububi shi ne tebur mai fukafukai biyu. In ka sauke su, sai ya lafe jikin bango, mutum ya wuce abinsa. Ka ɗaga ɗaya, mata da miji sun samu wuri. Ka ɗaga biyun, an yi baƙi ke nan, kuma hanya ta toshe, mai son zagawa sai ya yi haƙuri a gama. Akwai ma mai ciki, inda ake cusa kujeru huɗu masu naɗewa. Na jikin motocin kwana kuwa benci biyu ne da tebur a tsakiya: da dare a sauke teburin, a jera katifun, ya zama gado.

Mai wayo ba ya fita sai da tef ɗin awo a aljihu. Ƙofar jirgi ƙarama ce, ga matakala, ga bangon da ya karkato ciki daga sama. Nauyi ma abin lura ne, domin in ka jibge kaya gefe guda, jirgin zai kwanta, miya ta taru a gefen kwano. Kujera mai soso kuma, wata doka ta 1988 ta ce shago ba zai sayar da ita ba sai da tambarin kariya daga gobara. A inda murhu ke ci kusa da gwiwarka, ni dai ba zan yi wasa da wannan tambari ba.

Masu jiragen dakon kwal na ƙarni na 19 sun riga kowa dabarar tebur mai naɗewa. Da jirgin ƙasa ya karya musu kasuwa, sai suka kwaso iyalansu zuwa ɗan ɗakin bayan jirgi, wanda bai wuce ƙafa 10 ba. Teburinsu murfin kabad ne: a sauke shi a ci abinci, a mayar a rufe. A ƙarƙashinsa akwai 'yar durowa ta wuƙaƙe da cokula, kuma duk ɓurɓushin burodin da ya rage, cikinta yake zubewa in an ɗaga murfin.