Mai Juna Biyu Da Shiga Ruwa: Faɗakarwa Ga Jama'ar Gazara Da Kewaye

A ƙasashen da ake nutso cikin teku da tukunyar iska a baya, likitoci sun hana mai juna biyu yin hakan. Dalili kuwa shi ne, iskar da ta narke cikin jinin mai nutso takan zama kumfa idan ya taso sama. Huhun babba yana tace wannan kumfa, amma ɗan tayi bai fara aiki da huhunsa ba, don haka tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwarsa.

A Gazara da sauran garuruwan Maƙarfi, Ikara da Kudan ba a irin wannan nutso, sai dai ruwanmu ma yana da nasa haɗari. Mata da yawa suna wanki da wanka a kududdufi da rafi, wasu kuma suna tsayawa cikin ruwan fadamun rake da tumatir lokacin noman rani. A nan ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ko da bai sha ruwan ba.

An daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin ciwon yara maza, har wasu na cewa alamar balaga ce. Wannan kuskure ne, kuma matan da kunya ke hana su magana su suka fi cutuwa. Ga mai ciki, tsargiya tana ƙara ƙarancin jini, tana iya sa a haifi jariri maras nauyi, tana kuma raunata mahaifa har ciki ya zauna a wajenta.

Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu juna biyu da masu shayarwa maganin praziquantel. Saboda haka duk wadda ta ga jini a fitsarinta ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya wurin awo, kada ta sayi magani da kanta a kemis.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi. Idan babu sai na rafi, a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2 kafin a yi wanka, domin ƙwayar ba ta wuce haka da rai. Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da su hana fitsari a bakin ruwa, su kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma duk unguwar da yara ke fitsarin jini.