Janareta Don Wankin Mota: A Auna Kaya Kafin A Sayar Da Hatsi

Tun da aka gama girbi muke samun tambaya iri ɗaya daga samarin ƙasar Bichi, Ɗambatta, Tsanyawa da Dawakin Tofa, watau wane irin janareta ya kamata mutum ya saya in yana son buɗe wurin wankin mota a bakin titi. Tambayar ba ta wasa ba ce. Gonakin wannan yanki gado ya yayyanka su ƙanana, abin da saurayi zai samu a damina bai cika kai shi wata damina ba. Da can sai a tafi cin rani. Yanzu da yawa sun gwammace su zauna gida su kama sana'a a hanyar Katsina ko ta Daura, inda motocin hatsi na Dawanau da na dabbobin kasuwar Ɗambatta ba sa yankewa. Jarin kuwa daga rumbu yake fitowa: buhunan gero, ko ragon da uwa ta yi wa kiwo, wani ma har jinginar gona. Irin wannan kuɗi ba a sayen kuskure da shi.

Mun ga wani yaro a wani gari da ke kan hanyar Katsina. Ya sayi janareta sabo fil, an rubuta 3.5 kVA a jikin tankin da manyan haruffa. Ya kuma sayi injin feshin ruwa na lantarki mai cin wat 2,200. A lissafinsa 3,500 ta fi 2,200, shi ke nan magana ta ƙare. Ranar farko da ya matsa bindigar feshin sai janareta ya yi gurnani ya mutu. Ya tayar, ya sake mutuwa. Haka ya yi ta fama har koyil ya ƙone kafin wata ya cika, ya koma bokiti da soso, ga kuɗin gero sun tafi.

To, ina kuskuren yake? Wuri biyu ne. Na farko, kVA daban, kilowat daban. A kan rage kashi 20 cikin 100, watau 3.5 kVA ba ta wuce wat 2,800 ba. Kana lambar da ake kambamawa a jikin tanki sau da yawa ƙarfin ɗan lokaci ne, na daƙiƙoƙi kaɗan. Ƙarfin da injin zai iya yini yana bayarwa yana rubuce da ƙananan haruffa a wani ɗan farantin ƙarfe a gefensa, ko cikin littafinsa. Wannan ita ce lambar da za a duba, ita za a tambayi mai shago.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane. Duk injin da ke juyawa da lantarki, lokacin tashi yana jan wuta ninki biyu zuwa uku na abin da yake ci in ya daidaita, wani ma fiye. Kamar amalanke ce da aka loda taki: wahalar shanun a tayar da ita ne, in ta fara tafiya sai abin ya yi sauƙi. Injin feshi mai wat 2,200 yana iya neman 6,000 ko sama a ƙiftawar farko. Mafi yawansu kuma da an saki bindiga suke tsayawa, da an matsa su sake tashi. Mota ɗaya sai a tayar da shi sau ashirin. Kowane tashi duka ne ga koyil.

Daɗa ga ƙasar tamu ma tana cin nata rabo. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, masu ƙera injuna kuwa sun ce ƙarfi yana raguwa da kimanin kashi uku da rabi cikin ɗari a kowace mita 300. Ga zafin bazara da kan haura 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Saboda haka mu dai ba mu ba kowa shawarar ya ɗora wa janareta fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa ba.

Ga yadda ake lissafin. A ɗauki takarda a rubuta kowane kaya da abin da yake ci, yana jikinsa. Injin zuƙar ƙura na cikin mota yakan ci wat 1,000 zuwa 1,400. Injin goge fenti wajen 1,200. Famfon jawo ruwa zuwa tanki, in an rubuta ƙarfin doki, doki ɗaya wat 746 ne. Sai ƙwan fitila da cajin waya, waɗannan ba su taka kara sun karya ba. A haɗa waɗanda za su yi aiki lokaci guda, sannan a ninka mafi girmansu sau uku. Mai injin feshi na wat 2,200 zai ga bai da tsira ƙasa da janareta mai kilowat 5 zuwa 6 na gaskiya. Ƙaramin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, wanda 'yan Kudu ke wa kirarin ya fi maƙwabci, wat 650 zuwa 800 ne iyakarsa. Hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da shi da yawa tun 2015. Na aski ne da mai shayi, kada ma a kawo shi cikin wannan zance.

Amma babban janareta babban ciki gare shi. Mai kilowat 5 yakan sha kusan lita 2 a awa ko da rabin kaya ne a kansa, kuma in yana ruri ba aiki ma bai daina sha ba. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. A ce lita naira 1,000 ce, an bar injin yana ruri minti 30 a kan mota ɗaya, to naira 1,000 ta tafi kafin a yi maganar ruwa, sabulu da ladan yara. Wanda ke wankin babura da Adaidaita Sahu a ƙauye ba zai fitar da wannan ba.

Don haka abin da muka fi gani da alheri shi ne a raba aikin gida biyu. Akwai injin feshi mai nasa injin fetur, doki shida da rabi, ɗan'uwan wanda manoman rani na Watari da dam ɗin Tomas suke ban ruwa da shi. Bai neman janareta sam. Kowane bakaniken ƙauye ya san cikinsa, filogi da kafireto da igiyar ja duk ana samu ba sai an shiga birni ba. Sai a sayi janareta matsakaici mai kilowat 2 zuwa 2.5 don zuƙar ƙura da gogewa da fitila, a tayar da shi sa'ad da ake bukata kawai. Mai son aikin ƙwarai, irin na motocin manya da na 'yan biki da ake wanke kujera a goge fenti har ya yi ƙyalli, wannan ya ishe shi muddin bai kunna injunan biyu lokaci guda ba, kuma bai haɗa su da famfo ba. Aibinsa ɗaya: ba a barin injin feshin fetur yana aiki bindiga a rufe fiye da minti ɗaya ko biyu, ruwan cikin famfon yakan yi zafi ya lalata robobinsa.

In an shiga kasuwa, ko Sabon Gari ko wani wuri, za a ga Honda, Yamaha, Firman, Elepaq da sauransu. Suna kaɗai bai isa shaida ba, don mai kyau shi ake kwaikwaya. A ɗaga a ji nauyi. Koyil na jan ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi da jure zafi, kuma akwai alminiyam da ake shafa wa launin jan ƙarfe, sai an kankare bakin waya ake ganewa. A tafi da mai gyaran wuta da aka amince da shi, ladansa bai kai kuɗin sake naɗa koyil ba. In da hali a tafi da injin da za a yi aiki da shi, a jona a gaban mai shago, a matsa a saki sau goma. Ma'auni ya tsaya kusa da 220 zuwa 230. In ya faɗi warwas ko murya ta shaƙe, a bar shi. A karɓi rasit da aka rubuta lambar injin da kwanakin da za a iya mayarwa.

Saura maganar rai. Ruwa da wuta ba sa ga maciji, wurin wanki kuwa kullum a jiƙe yake, yara kuma ƙafa ba takalmi. A ɗora janareta kan dakali busasshe nesa da feshi, a kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa masa waya, a sa na'urar nan mai yanke wuta da ta ji ta zurare. Waya ta zama mai kauri, milimita 2.5, ba mai ɗauri-ɗauri da leda ba. Kada mai gadi ya shigar da shi ɗaki yana aiki saboda tsoron ɓarayi ko sanyin hunturu: hayaƙinsa ba a ganinsa, kuma ya sha kashe gida guda cikin barci. Ba a ƙara fetur sai an kashe ya huce.

Baƙin mai na farko a zubar da shi bayan awa 20, daga nan kowace awa 50 zuwa 100, a lokacin ƙura a riƙi ta ƙasa. Soson matatar iska a wanke shi duk mako. Ranar farko kuma a auna lita ɗaya a kwalba a zuba, a ƙirga motoci nawa ta wanke, da wannan za a yanke kuɗin wanki.